Igiyar Ƙarshe a Filin Lakwal

Ranar farko da na zauna a ajin wasan kwaikwayo na jami'a, can ƙasar Faransi, malaminmu ya shigo da wuƙar katako a hannu. Ya kira wani ɗalibi ya daɓa masa ita a ciki, ɗalibin ya zube yana shure-shure, aji ya kwashe da dariya. Sai malamin ya ce mu riƙe wannan darasi gaba da kowane darasi: duk abin da aka yi bisa dandamali, ba a yi shi ba. Mai wasa da mai kallo sun ƙulla yarjejeniya tun daga bakin ƙofa cewa mutuwar nan ba mutuwa ba ce, auren nan ba aure ba ne. Kowa ya duƙa yana rubutawa. Ni dai na aje alƙalamina, na ce a raina, malam, ba ka taɓa zuwa Gaya ba.

Abin da ya sa na faɗi haka ya faru da daɗewa kafin jami'a, zamanin da Nasara ke mulkin ƙasarmu, a ƴan shekarunsu na ƙarshe. Ina saurayi lokacin, an tura ni wata babbar lakwal, wato makarantar boko, ta horar da malamai, nesa, bakin teku. Can na fara jin kalmar tiyatir, wato wasan kwaikwayo, kuma ya shiga raina fiye da lissafi da nahawun Faransanci. Da hutun damina ya zo, mushenmu, wato malaminmu, ya ba kowa aiki. Ya ce kowa ya koma garinsu ya shirya wasa daga zaman mutanensa, ya yi shi a gabansu da harshensu, ya dawo ya ba da labari. Na iso Gaya ina hura hanci, wando gajere da takalmi sau-ciki, ina ganin na kawo wa garin abin da bai taɓa gani ba.

Gaya ta wancan lokaci gari ne na masu wucewa. Babu gada tukuna, jirgin fito ke ɗaukar kamiyo, wato babbar motar kaya, ya tsallaka da shi Dahome, don haka kullum bakin kogi cike yake da direbobi masu jiran layi, da fatake, da masu tallan kifi. Gyaɗa ta gangara kudu, goro da atamfa su hauro. Babanmu ya rasu ina ƙarami, yayana ne ya riƙe gidan, shi da Inna. Direban kamiyo ne, dogo, baƙi, mai murya kamar ganga. Allah ya yi masa baki. In ya zauna a tasha yana kwaikwayon tafiyar kumandan Nasara ko yadda ɗan duwan, mai binciken kan iyaka, ke shinshina kaya, sai ka ga manya da gemunsu suna riƙe ciki. Ban taɓa ganin wanda ya kada shi a zolaya ba, kuma shi ma ya san haka.

Matarsa ƴar Tounouga ce, ɗiyar masunta, gajera, mai saurin tafiya da saurin amsa. In ta yi fushi sai Hausa ta yi mata kaɗan, ta koma yarensu, Dandanci. Ni ɗan lakwal take kirana, wani lokaci ta ce mijina ƙarami, kamar yadda matar wa ke tsokanar ƙanen miji. Suna da ɗiya guda. Son da suke wa juna kowa ya sani, faɗansu ma kowa ya sani, don maƙwabta ba sa bukatar leƙe. Sau biyu ya taɓa sakin ta a ƙuruciyar aurensu, na farko kan wata akuya da ya kyautar bai gaya mata ba, na biyu saboda ya yi Sallah a hanya. Kowane karo kuma bai yi sati ba ya kwashi dattawa zuwa Tounouga biko, yana sunkuyar da kai.

To, aure igiya uku ne, kuma biyu sun tsinke. Saura ɗaya. In ta tsinke, babu biko, babu kome, sai in ta auri wani sun rabu. Inna ta zaunar da shi ta gaya masa wannan tun dawowar matarsa karo na biyu, kuma ya ji. Daga ranar, in ransa ya ɓaci sai ya ɗauki bokiti ya tafi wanke mota. Mutanen unguwa in sun ga kamiyonsa na ƙyalli sai su ce yau an sha faɗa a gidan.

Wasan da na shirya a kan direba ne mai daɗewa a hanya da matarsa mai jira. Kashi uku na yi shi. Na farko sallama da tafiya. Na biyu ya dawo a makare, su yi faɗa, ya ɗauki jakarsa ya fice. Na uku ya sake dawowa a gajiye, ta kawo masa ruwa, ya ba ta haƙuri. Ƴan wasa maza ban sha wahalar samu ba, tasha cike take da masu son a gan su. Mace ce ta gagara. A lakwal ɗinmu namiji ke ɗaura zane ya yi mace, amma ni na ƙudura mace ta gaskiya nake so. Sai dai wane uba ko wane miji ne a Gaya zai bar mace ta tsaya gaban jama'a wani ƙato na kiran ta matarsa? Gida uku na shiga, a na ukun har kare aka so sakar mini.

Ina zaune tsakar gida ina wa Inna ƙorafi, matar yayana na daka. Sai ta tsai da taɓarya ta ce, «Kai ɗan lakwal, in miji ne matsalarka, ai ga nawa nan yana zaman banza har a gyara masa mota. Shi ya yi mijin, ni in yi matar. Wa zai ce wani abu?»

Wallahi na ji kamar in ɗaga ta sama. Yaya ya yi dariya ya ce ai ba sai an koya musu faɗa ba. Inna ta ce tunda mijinta ne, ba ta ga abin kunya ba. Har wurin liman na je, wanda shi ya ɗaura aurensu. Ya ce shi bai san wannan abu na Nasara ba, amma in za ta lulluɓe jikinta, kuma da mijinta za ta yi magana, kuma a tashi kafin magariba, ba zai hana ba. Kowa ya ga an samo hanya mafi mutunci. Duk cikinmu, da mai karatun allo da mai na lakwal, ba wanda ya hango ɗaya gefen.

Ba na rubuta musu magana, don ba su karanta boko. Yadda muke yi, in gaya musu abin da zai faru, su kuma su cika da bakinsu. A kashi na biyu na ce wa yaya, «In faɗa ya yi zafi, ka ɗauki jakarka ka fita, kada ka ce komai.» Haka muka yi ta gwadawa a tsakar gida, kuma haka yake yi. Kashi na uku ne ke ba mu wahala. Da ta durƙusa ta miƙa masa kwaryar ruwa, shi kuma zai ce ki yi haƙuri, sai dariya ta kama shi. Ta ce, «Ka gani ko? Ko da wasa ba ya iya ba da haƙuri.» Amma na lura wannan kashin ta fi so. Ita ke tuna mana a sake shi.

Ranar wasa, bayan la'asar, filin lakwal ya cika. Muka kafa zana ta zama bangon gida, muka jera bencina. Direbobi da karnukan motarsu suka tare gefe guda, mata suka tsaya ɗaya gefen da goyonsu, mutanen Bengou da suka zo cin kasuwa suka fasa komawa da wuri. Liman da ya ce ba ruwansa, sai ga shi an kawo masa kujera. Inna na cikin mata, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Kashi na farko ya tafi lafiya lau. Yaya ya shigo yana tuƙa mota da baki, yana canja giya da ƙafa, jama'a na ta dariya. A kashi na biyu ne abin da ban zata ba ya faru: ta fi shi. Ta tsaya da ludayi a hannu, ta kwaikwayi yadda yake shigowa gida yana ƙarya da tayar mota, ta kwaikwayi minsharinsa, ta lissafo masa garuruwan da ya ce mota ta lalace, ta tambaye shi ko motar nan a kowane gari mai ƴan mata take jin ciwo. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya buɗe baki, ta rufe masa da wata. Direbobi suka fara ihu. «Kai, mace ta kada ka! Rama mana! Ina bakin naka?»

Ya ɗauki jakarsa kamar yadda muka tsara. Ina bayan zana, na ji sanyi a raina, na ce ya tuna. Har ya kai ƙofa, sai wani daga cikin direbobi ya ɗaga murya ya ce, «Ya gudu!» Aka kwashe da dariya. Na ga ƙafarsa ta tsaya. Ya juyo, ya turo ƙirji, ya kumbura kumatu irin na mai fankama, ya nuna ta da yatsa, da wata murya da ba tasa ba ya ce, «To, je ki gidanku, na sake ki!»

Direbobi suka yi tsalle suna tafi. Shi ma haƙoransa a waje, ya ci wasa. Ni kaina na yi dariya, don ya faɗe ta da ban dariya ƙwarai. Muryar Inna ce ta fara ratsa hayaniyar, tana salati. Daga nan shiru ya taso daga gefen mata, ya bi bencina ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga direbobi. Matar yayana na tsaye inda take, ludayin na hannunta, ba ta motsa ba. Na ga lokacin da abin ya iso masa. Fuskarsa ta sauka, jakar ta faɗi. Liman ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita. Kashi na uku ba a yi shi ba.

Washegari da hantsi muka je zauren liman, ni da yaya. Ni na yi ta magana, da zafin kai irin na ɗan lakwal. Na ce ba yayana ne ya yi magana ba, direban cikin wasa ne. Na ce da wanda ya faɗa da wadda aka faɗa wa duk babu su a duniya, ni na ƙirƙiro su. Na ce jama'a duka sun san wasa ake. Liman ya bar ni har na gaji, sannan ya tambaye ni a hankali.

«Bakin da ya furta, na wa ne?»

Na ce na yaya.

«Wadda ya nuna da yatsa, matar wa ce?»

Na ce ta yaya.

Ya ce, «Yaro, a karatun da na yi, saki ba ya da wasa. An yi haka ne don kada namiji ya riƙa jifan mace da kalmar nan, in ta yi kuka ya ce ai zolaya yake. Kariya ce gare ta. Yau ta faɗo kan wanda bai yi nufi ba, na sani. Ni na ɗaura auren nan, kana tsammanin daɗi nake ji?» Idonsa ya kawo ruwa. Na so in ji haushinsa, na kasa, sai haushin ya koma cikina ya zauna.

Wani abokinsa ya ce akwai tsohon malami a Tanda mai zurfin karatu, mu je. Muka tafi. Tsohon ya saurare mu yana jan gemu, ya sa na bayyana masa mene ne tiyatir tun daga tushe, har ya yi murmushi. Sai ya tambaya ko kalmar tana cikin abin da aka tsara. Na buɗe baki, yaya ya riga ni. Ya ce, «Ba ta ciki, malam. Ni na ƙara.» Tsohon ya ce a ganinsa mai ɗauko maganar wani ba mai magana ba ne. Malamin da ke koya wa ɗalibai babin saki yana furta kalmar sau da yawa, ko matarsa na zaune kusa, aurensa bai motsa ba. Ya ce yaya rigar wani ya sa, da muryar wani ya yi magana, gaban mutanen da suka san haka, don haka shi yana ganin igiyar na nan. Amma ya ƙara da cewa ba zai ce limamin Gaya ya yi kuskure ba, don shi ma yana da madogara, Allah ne masani.

Yaya ya dawo gida kamar an yi masa bushara da Aljanna. Tun ranar wasa matarsa ta koma ɗakin Inna da kwana. Ya tsaya bakin ƙofa ya zayyana mata duk abin da malamin Tanda ya ce. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, «Liman ya janye tasa?»

Ya ce a'a.

Ta ce, «To malami ɗaya ya ce kai mijina ne, ɗaya ya ce ba kai ba ne. Ni ce zan kwana a ɗakin, ba su ba. Kowace sallah in ɗaga hannu ina tambayar kaina ko zaman aure nake ko zaman banza? In na haihu fa, in ce wa ɗan me? Ba zan iya ba.»

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi Dandanci ba, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Wata gwaggonmu ta kawo shawarar auren kisan wuta, wato a samo wani ya aure ta na ɗan lokaci ya sake ta don ta halatta ga yaya. Ta dubi gwaggo ta ce wasa ɗaya ya ishe ta, ba za ta sake yin wani da aure ba. Da safe ta ɗaure kayanta, ta riƙe hannun ɗiyarta, na raka su bakin kogi suka shiga kwalekwalen Tounouga. Ta ce mini, «Ɗan lakwal, daina wannan fuskar. Ni na ce zan yi, ba kai ka sa ni ba.»

Da na koma lakwal na ba mushe labari, sai idonsa ya yi haske, ya ce wannan ai shi ne wasan da ya kamata in rubuta. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar ranar ba. Bai yi da mugunta ba, shi labari ya ji. Ni kuwa yayana nake gani yana wanke motar da ba ta da datti.

Da hutu ya zagayo, matar yayana ta aiko a kira shi. Idda ta ƙare da daɗewa, masu nema sun fara zuwa, amma babanta ya ce ba zai ɗaura mata aure a kan shakka ba. In malamin Tanda ne mai gaskiya, har yanzu matar wani ce. Mafita ɗaya ce, kuma mai sauƙi: yaya ya furta kalmar da gaske gaban shaidu. In ta filin lakwal ta faɗa, shi ke nan, in ba ta faɗa ba, wannan ta faɗa. Ko ta ina an huta.

Na raka shi. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin giginya a ƙofar gidansu, babanta da dattawa biyu suka zauna, ita tana tsaye jikin zana. Warin kifin da ake banda ya cika wurin. Babanta ya ce bisimilla. Yaya ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya buɗe baki. Babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa. Mutumin da bai taɓa rasa magana ba tun da na san shi, sai ga shi ya kasa. Ya ce, «Baba, da wasa ta fito mini ban ko ji ta ba. Da gaske kam, ku yanka ni ya fi mini sauƙi.» Ya kifa kai bisa gwiwa yana kuka kamar yaro. Dattawa suka kau da kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta shige gida. Da za mu tafi, ɗiyarsu ta biyo mu da ƙunshin bandar kifi, ta ce in ji innarta.

Na ji haushinsa a hanya, kuma na gaya masa. Na ce ya ɗaure mace, ba ta gidansa ba ta gidan wani, wannan son kai ne. Bai musa ba. Bayan wasu shekaru shi da kansa ya aike ni in gaya mata ya shirya, in tana so zai zo ya furta. Na same ta tana juya kifi bisa wuta. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, «Wa ya tambaye shi?»

Haka suka zauna. Aka gina gada, jirgin fito ya daina aiki, Nasara suka tafi, su suna nan yadda suke. Duk dawowarsa daga hanya sai ya bi ta Tounouga da shinkafa da sabulu da zane. Ba ya shiga gidan. A shimfiɗa masa tabarma a waje, ita ta zauna daga cikin zana, su yi hira har rana ta yi sanyi. Faɗa ma suna yi, maƙwabtan can su ma sun shaida. Inna ta yi ta fama da shi ya yi aure har ta rasu, bai yi ba. Mutane suka yi surutu har suka gaji. A tasha kuwa bai sake kwaikwayon kowa ba. Yana dariya in wani ya yi, amma shi ya daina.

Ni na tafi jami'a, na karanta wasan kwaikwayo da sinima da talabijin. Na koyi yadda ake haska fuska, da inda ake aje kamara, da yadda ake sa ɗan wasa kuka a lokacin da ake so. Na ji daɗin karatun, ba zan ɓoye ba, kuma da shi na ci abinci har tsufana. Amma wannan darasi na ranar farko ban taɓa haɗiye shi duka ba. Na yarda wuƙar katako ba ta kisa. Sai dai magana ba katako ba ce, da bakin gaske ake yin ta, kuma kunnen gaske ke ji. Malamanmu na can sun ɗauka yarjejeniyar nan ta mai wasa da mai kallo kowa ya sa hannu a kanta tun fil azal. A filin lakwal ɗinmu rabin jama'a sun yarda da ita, rabi suna da wata yarjejeniya da ta girme ta. Har yau in an tambaye ni wa ke da gaskiya tsakanin malaman biyu, ba ni da amsa. Abin da na sani, da na dawo Yamai ina shirya wasanni a talabijin, ban taɓa haɗa miji da matarsa su fito a matsayin miji da mata ba. Yaran da ke aiki da ni suna ce mini tsoho mai camfi, ni kuma in ce su yi ta faɗa.

Yaya ya rasu da tsufansa, wata ranar Laraba da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Na iso daga Yamai an riga an kai shi. Tsakar gidanmu cike da mata masu gaisuwa, ita ma ta zo daga Tounouga, ta tsufa, ta ƙara gajarta, tana zaune kusa da ɗiyarta da jikoki. Da aka yi sadakar uku mutane suka fara watsewa, wata tsohuwa ta ce, to, tunda marigayi bai bar mata ba, babu mai takaba, sai a rufe ɗakinsa.

Sai na ga ta kai hannu kunnenta. Ta cire ƴan kunne, ta zare awarwaro, ta miƙa wa ɗiyarta. Ta ce a ba ta makullin ɗakin.

Tsohuwar ta ce, «Haba, ke kuwa! Takaba ai ta matar aure ce. Ba liman ya yanke tun muna yara ba?»

Ta ce, «Ya yanke, kuma na bi. Ban taɓa taka ɗakin nan ba tun ranar, kowa shaida ne. Na ba limamin Gaya shekaruna duka. Waɗannan watannin kam na malamin Tanda ne.»

Makullin na aljihuna, na ciro na ba ta. Ta buɗe ɗakin, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon gadonsa da tsohuwar jakarsa da ke rataye a ƙusa. Sannan ta cire takalmi ta shiga da ƙafar dama. Na ji ta ɗaga murfin randa ta mayar.

Ta leƙo ta ce, «Ɗan lakwal, tsayuwar me kake? Randar mijina ba ruwa. Je ka ɗebo.»